Kantin Maganin da Ya Ƙi Ƙara Mini Diazepam

Wata biyu ke nan ina sayen maganin mahaifiyata a wani kantin magani da ke unguwarmu a Kano, tun bayan da likita ya rubuta mata diazepam mai miligiram 5 saboda fargaba da rashin barcin da suka addabe ta bayan rasuwar mahaifinmu. Kantin ƙarami ne, farashinsa ya ɗara na sauran kemis, kuma da yamma sai an yi haƙuri da layi.

Mai harhaɗa magungunan shi ne dalilin da ya sa ban sauya wuri ba. Ranar farko, kafin ya miƙo mini ƙwayoyin, ya tambayi shekarun Hajiya, da na ce 68, sai ya ja hankalina cewa maganin yana daɗewa a jikin tsofaffi, yana jawo magagi da jiri da mantuwa, saboda haka kada a bar ta ta fita alwalar asuba ita kaɗai, domin faɗuwa a irin shekarunta kan kai ga karayar ƙugu. Da gaskiyarsa, a kwana na uku sai da ƙanwata ta riƙe ta a bakin banɗaki. Ya kuma bincika ko tana shan tiramadol ko wani magani mai kodin, tunda haɗa su da diazepam yana danne numfashi har ya kai ga rasa rai.

Da ƙwayoyin suka kusa ƙarewa na koma ba takardar likita, ya ƙi sayar mini, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci, domin na san wuraren da za a ba ni ba tambaya. Ya bayyana mini cewa irin wannan magani ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan sa, saboda jiki yana sabawa, sannan yanke shi farat ɗaya yana iya kawo karkarwa, gumi, fargabar da ta fi ta farko, wani lokaci har da jijjiga. A ranar muka koma wurin likita, wanda ya riƙa rage mata shi sannu a hankali.

Ƙorafina ɗaya ne: babu keɓaɓɓen wurin ganawa, sai a yi ta zancen lalurar Hajiya a gaban masu sayen maganin mura, har wata maƙwabciyarmu ta zo gida duba ta.