Lemun malt mai sauƙin kuɗi a Sakkwato, wanne za ka saya?

Jama'a wallahi zafin garin nan sai a hankali, da azahar in ba ka samu abu mai sanyi ba kai ma ka san sauran. Ni kam malt ne nawa, kuma kar wani ya ce wiskin Sikotland nake nufi, wancan giya ce duk da shi ma da sha'ir ake yin shi, namu babu giya ciki ko ɗigo.

Maltina ce tsohuwar hannu, tun 1976 take kasuwa, tana da kauri da zaƙi, in ka haɗa ta da madarar gwangwani sai ka ji kamar ka ci tuwo. Amstel Malta zaƙinta bai kai haka ba, ita nake kai wa Baba. Malta Guinness tana da ɗan ɗaci can ƙasa wanda ni yana min daɗi. Amma in aljihu ya yi sanyi Hi-Malt nake ɗauka, kamfani ɗaya ke yin ta da Maltina, kuɗinta bai kai ba, kuma in ta yi raɓa sosai ba kowa zai gane bambanci ba.

Ka sayi katan a babbar kasuwa ya fi maka sayen ɗaya-ɗaya, sai dai ka duba kwanan wata a gindin gwangwani. Wani mai shago a Mabera ya taɓa miƙo min ɗaya da ɗumi kamar shayi, wai an ɗauke wuta tun jiya, kuma ko naira bai rage min ba.