Tara Komai a Google, ko Rarrabawa?

Wanda ya tara imel da hotuna da takardunsa a Google yana samun wurin ajiya na 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke cin wannan rabon tare. A wayar Android, har ajiyar hirarrakin WhatsApp a ciki ake lissafa ta. Bidiyon biki kaɗai ya isa ya cinye wurin, kuma da zarar ya cika, imel ya daina shigowa. Daɗinsa dai, kalmar sirri ɗaya ce: ka sayi sabuwar waya, kana shiga komai ya dawo.

Mai rarrabawa kuwa yana ƙara 5GB na OneDrive da 2GB na Dropbox, wato wuraren ajiya na intanet na wasu kamfanoni daban. Sai dai ga kalmomin sirri uku, ga laluben inda aka ajiye takardar shaidar makaranta ranar da ake nemanta da gaggawa.

Ni na fi son tarawa, amma da sharaɗi, domin idan aka sace waya da layinta, shiga asusun kan zama aiki. Ka rubuta lambobin gaggawa 10 da Google ke bayarwa (na shiga asusu idan babu waya) a takarda, ka adana a gida. Muhimman takardu kuma a yi musu kwafi a OneDrive.