Wittenberg, Prague ko Münster: wanne ya cancanci kuɗin tikitinka?

Wanda ya samu bizar Schengen da 'yan kwanaki a Turai, kuma yana son ganin wuraren da mabiya ɗarikar Katolika da na Furotesta suka shafe fiye da ƙarni guda suna gwabzawa, dole ya yi zaɓi, don kuɗin jirgi da masauki ba za su kai shi ko'ina ba. Garuruwa uku ne suka cancanci a auna su.

Wittenberg ce ta fi sauƙin kai wa, ƙasa da awa ɗaya daga Berlin a jirgin ƙasa mai sauri. Nan Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a 1517, yana sukar sayar da takardun yafe zunubi, kuma kabarinsa na cikin cocin fadar garin. Sai dai ka sani tun daga gida cewa ƙofar cocin da aka ce a jikinta ya liƙa hujjojin, wadda ake ɗaukar hoto a gabanta, ba ta asali ba ce. Ta katakon ta ƙone a 1760, ta tagullar da ke nan yanzu a 1858 aka kafa ta. Titi ɗaya ne ya haɗa kusan komai, yini guda ya isa, ba sai ka kama ɗaki ba. Raunin garin shi ne bakin ɓangare ɗaya za ka ji.

Prague ta fi ƙayatarwa, ta kuma fi cunkoso. A fadar birnin akwai ɗakin da manyan Furotesta na Bohemia, masarautar da Prague ke hedikwatarta, suka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta taga ranar 23 ga Mayu, 1618. Duk ukun sun rayu. Katolika suka ce ikon Allah ne ya tare su, Furotesta suka ce kan juji suka faɗa. Daga nan Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke. A dandalin tsohon gari, in ka dubi ƙasa, za ka ga fararen alamun gicciye 27 a jikin daɓen dutse, na shugabannin tawayen da aka kashe a 1621, kuma masu yawon buɗe ido na ta taka su ba su lura ba. Ka tuna kuɗinsu koruna ne, ba yuro ba, kuma shiga gine-ginen fadar sai da tikiti.

Ni dai da za a ba ni zaɓi ɗaya, Münster zan ɗauka, in haɗa da Osnabrück da ke kusan rabin awa daga can. Ka tsaya a kasuwar tsakiyar Münster ka ɗaga kai wajen hasumiyar cocin Lamberti: keji uku na ƙarfe ke rataye sama da agogo. Cikinsu aka baje gawarwakin Jan van Leiden da abokansa biyu a 1536, shugabannin masu sake baftisma da suka ƙwace garin suka kafa mulkinsu, har Katolika da mabiya Luther suka haɗa kai wajen murƙushe su. Ganin wannan ba sai ka biya ko sisi ba.

Taku kaɗan daga nan kuma sai Zauren Sulhu a tsohon ginin majalisar gari, inda Sifaniya da Holan suka yi rantsuwar zaman lafiya a watan Mayun 1648. Bama-baman yaƙin duniya na biyu sun rushe ginin, amma an riga an kwashe sassaƙen katakon bangon an ɓoye, don haka na ainihi za ka gani, da hotunan jakadu jere a sama. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da ya sa garuruwan suka zama biyu. An raba zaman sulhun kawo ƙarshen Yaƙin Shekara Talatin ne tsakanin Münster da Osnabrück: Faransa da wakilin Paparoma a Münster, Swidin da akasarin Furotesta a Osnabrück, 'yan aike na kai-komo tsakani shekara da shekaru. Yarjejeniyar Westphalia da aka sa wa hannu ranar 24 ga Oktoba ta ƙara mabiya Calvin, wani jagoran Furotesta, cikin waɗanda doka ta amince da su, ta mai da 1624 shekarar da za a duba wajen sanin mai wace coci. Osnabrück kuwa karɓa-karɓa aka yanke mata: bishop ɗan Katolika ya yi mulki, in ya mutu ɗan Furotesta ya gaje shi, kuma haka aka tafi har farkon ƙarni na 19.

Geneva ta Calvin na da nata tarihin, amma tsadar Suwizalan za ta cinye guzurin mai ƙaramin aljihu.

Game da sufuri a Jamus, akwai tikitin wata mai suna Deutschlandticket da ke aiki a jiragen yanki da motocin cikin gari, ban da masu sauri irin ICE. Yana sabunta kansa duk wata, saboda haka ka soke shi kan lokaci. Kwana biyu sun isa Münster da Osnabrück, kuma ka duba lokutan buɗe zaurukan sulhunsu kafin ka tashi, don wasu ranakun ana rufe su saboda taron hukuma.