Gargaɗi ga masu neman a haɗa musu sola a Katsina

Jama'a, a yi hattara. Tunda wutar lantarki ta zama sai an dace, kowa ya koma neman sola, 'yan damfara ma sun biyo kasuwar. Akwai shafukan Facebook da ke tallan haɗa sola da inbata, ƙarƙashin kowane hoto yabo ne rututu: wannan ya ce aiki ya yi kyau, wancan ya ce Allah ya saka da alheri. Wannan yabon ne tarkon.

Wani maƙwabcinmu a Ƙofar Ƙaura, dattijo ɗan fansho, yabon nan ya karanta har hankalinsa ya kwanta. Ya tura kafin alƙalami, fiye da rabin kuɗin aikin, a asusun da sunansa ma bai zo ɗaya da na shafin ba. Batiran da aka kawo masa tsofaffi ne da aka wanke aka manna musu sabuwar takarda. In ka duba kan tamina, wato inda ake ɗaura waya a jikin batiri, za ka ga tsatsar da aka kankare. Kafin a yi sallar isha'i wuta ta ɗauke. Da ɗansa ya rubuta ƙorafi a shafin, nan take aka goge, aka kuma toshe shi. Mai shafi yana da ikon yin haka, shi ya sa ba za ka taɓa ganin mai kuka a wurin ba, sai masu godiya.

Su kansu masu godiyar ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ba hoton fuska, ba abokai, kalamansu iri ɗaya, kuma duk rana ɗaya suka rubuta. Hoton hirar WhatsApp da ake bazawa kuwa, mutum ɗaya mai waya biyu ya isa ya haɗa shi. Facebook na nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka, don haka shafin da aka buɗe watan jiya ba shi da bakin cewa ya shekara goma yana aiki.

Abin da ya fi ci mini rai, yaranmu ne ake ba katin waya ko data su rubuta yabon aikin da ba su gani ba. Wallahi shaidar zur ce, kuma kuɗin fanshon wani ne ke tafiya a kanta.

Kafin ku tura ko sisi, ku ce wa mai tallan ya nuna muku shagonsa da gidan da ya yi wa aiki a Katsina. Ku je da ƙafarku, ku tambayi mai gidan awa nawa batirin ke kaiwa da dare. In mai tallan ya ce yana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a duba sunan a shafin hukumar. Cikon kuɗi sai an gwada aiki. Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.