Akwatin NESPi 4 na Retroflag: maɓallinsa na kashewa ya fi kyan jikinsa amfani

Masu haɗa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da manhajar RetroPie don wasannin da, irin na NES da Sega, sukan sayi wannan akwati saboda kamarsa da tsohuwar na'urar Nintendo. Kyau yana da shi, amma abin da ya cancanci kuɗin shi ne maɓallan POWER da RESET na gaba, domin Pi 4 ba ta zuwa da maɓallin kashewa ko ɗaya.

Zare wayar wuta kai tsaye shi ke cin katin microSD da Pi ke ajiye tsarinta da wasanni a ciki. Linux, tsarin da ke tafiyar da Pi, ba ya rubuta komai a kati nan take, yakan tara wasu bayanai a RAM ya sauke su daga baya. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, sai tsarin fayil na ext4 ya rikice, wani lokaci ma katin kansa ya ƙi karɓar rubutu gaba ɗaya. Washegari ka kunna, allo baƙi ƙirin.

Ga inda mutane ke tuntuɓe: akwatin ba ya kashe Pi lafiya da zarar an fito da shi daga kwali, sai an saita shi. A kan ƙaramin allon lantarkin da ke ciki akwai wani ɗan makunni mai rubutun SAFE SHUTDOWN, sai ka tura shi zuwa ON kafin ka ɗaure sukurori. Sannan ka haɗa Pi da intanet, ka danna F4 a kibod don fita daga EmulationStation, wato allon zaɓen wasanni na RetroPie, ka saka umarnin girkawa da Retroflag ta ajiye a shafinta na GitHub, na'urar za ta sake tashi da kanta. Daga nan maɓallin POWER yana aika sigina ta GPIO 3, RESET kuma ta GPIO 2 (GPIO su ne jerin fil-fil ɗin da ke kan allon Pi), tsarin ya rufe fayilolinsa cikin 'yan daƙiƙu. In ka bar makunnin a OFF, danna POWER daidai yake da fizge waya, sai dai a cikin mutunci. A kula da filogin GPIO ma, juya shi baibai abu ne mai sauƙi, a bi hoton takardar da ke cikin kwali.

Akwai aibu guda da ya kamata a sani. RetroArch, manhajar da ke gudanar da wasannin, yakan rubuta ajiyar wasa a kati ne lokacin da aka fita daga wasan, don haka danna POWER ana tsakiyar wasan Zelda na iya tafiya da wahalar awa biyu. A fara fita daga wasan da maɓallan Select da Start tukuna, ko a kunna SaveRAM Autosave Interval a saitin RetroArch.

Fanka da ƙarafan sanyaya da ke zuwa da shi suna da amfani a zafin Maris da Afrilu na Zariya, ko da yake fankar tana da ɗan ƙara, kuma ƙurar hunturu tana taruwa a jikinta, sai an riƙa sharewa. Caja kuwa sai mai 5.1V da 3A. Ta waya da aka tsinta a kasuwar Sabon Gari sau da yawa ba ta kai ba, za ka ga alamar walƙiya a kusurwar allo, ma'ana wuta ta faɗi ƙasa da 4.63V, wannan ma yana lalata kati.

Abin da akwatin ba zai iya ba shi ne tare ɗaukewar wuta, kuma mazauna Samaru da Tudun Wada sun san ba a yin sallama kafin a ɗauke. Sai a jona shi a inbata ko ƙaramar UPS. Fawa bank ma tana yi, amma a gwada ta: da yawa sukan yanke na ƙiftawar ido idan aka cire musu caji, wannan kuwa ya isa ya kashe Pi.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya sa layin dtoverlay=gpio-shutdown a fayil ɗin saitin Pi mai suna config.txt, ya haɗa maɓalli mai dawowa da kansa bayan an danna tsakanin fil na 5 da na 6 na GPIO. Yana kashewa lafiya, yana kuma tayar da na'urar, sai dai ba kamannin Nintendo.