Albasar ado: wacce ta dace da lambunka?

Kafin ka kai hannu aljihu, ka sani albasar ado gida biyu ce. Akwai mai ƙwaya, wadda ake binnewa a ƙasa, akwai kuma mai saiwa da ke hayayyafa ta yi cunkus wuri guda. Hoton jikin fakiti ba ya nuna wannan bambanci, alhali a kansa zaɓin ya rataya.

Cikin masu ƙwaya, Purple Sensation ce mai sauƙin kuɗi. Tsayinta ya kusa mita 1, curin furenta shunayya ne mai faɗin santimita 8 zuwa 10, kuma tana zubar da iri ta tsiro da kanta. Globemaster ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, sai dai curinta na kai santimita 20, kuma da yake ba ta yin iri, furenta ya fi daɗewa. Ni dai da a ba ni Globemaster uku, gara Purple Sensation ashirin, don albasar ado a taro take kyau. Cristophii gajera ce, furanninta masu siffar taurari, ko sun bushe ba su muni.

Aibin wannan gida lawashi ne: tun fure bai gama buɗewa ba ya fara rawaya yana kwanciya. Kada ka yanke shi, shi ke ciyar da ƙwayar baɗi. Ka shuka su tsakanin tsirrai masu ganye su rufa musu asiri. Sannan suna buƙatar watanni na sanyi sosai. Inda babu shi, da wuya su dawo shekara ta biyu.

Mai son kore har ƙarshen zafi ya nemi Millenium, mai saiwa. Ba ta wuce santimita 50, curinta ƙarami ne, amma ganyenta ba ya lalacewa, ƙudan zuma kuwa ba sa barinta. Ƙungiyar masu tsirrai ta Amurka ta zaɓe ta gwarzuwar shekarar 2018. A tukunya ake sayar da ita.

In ƙwaya za ka saya, latsa ta: mai tauri da nauyi, ba fumfuna. Binne ta zurfin ninki uku na tsayin ƙwayar, inda rana ke bugawa awa 6 kuma ruwa ba ya kwanciya, don laka na ruɓar da ita. Mai kare ko kyanwa ya kula, duk dangin albasa guba ne gare su.