Takunkumin 3M 8210: Ya Isa Kariya Daga Makamin Ƙwayoyin Cuta?

Hari da ƙwayoyin cuta ba kasafai yake aukuwa ba. Ƙungiyar Aum Shinrikyo, wata ƙungiyar addini mai tsattsauran ra'ayi ta Japan, ta gwada a Tokyo a 1993, ba wanda ya kamu. Wasiƙu masu ɗauke da ƙwayoyin cutar anthrax da aka aika a 2001 a Amurka kuwa sun kashe mutum 5, wasu 17 suka kamu.

Wannan takunkumi na ajin N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙurar da ke yawo a iska. Matatar ba ta da laifi, matsalar tana gefe-gefe. Wajen saka shi, igiya ɗaya a keya ta sama, ɗaya a ƙasan kunnuwa, sannan a matse ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu. Da hannu ɗaya sai ya bar kafa. A rufe shi da tafuka a fitar da numfashi da ƙarfi. In iska ta daki idanu, bai zauna ba. Mai gemu kam, asarar kuɗi ya yi.

Ba ya tare iskar guba, ba ya kare ido, igiyoyinsa kuma suna saki idan ya daɗe a ajiye cikin zafi. Jabu ya cika kasuwa, a duba tambarin NIOSH, hukumar Amurka mai tantance irin wannan takunkumi, a jikinsa.